Tsingaro Ma Shaida Ne: Yadda Kimiyya Ke Gano Garin da Aka Gina Tsohuwar Tukunya

A shekarar 1853, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya zaga ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gwandu a zamanin Sarki Halilu. A nan aka ba shi aron wani littafi da ya yi kwanaki yana kwafar sassansa. Littafin shi ne Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi, tarihin Songhai da Timbuktu, kuma ta wannan kwafi ne malaman Turai suka fara sanin abin da ke cikinsa. Babu mamaki a samu irin wannan littafi a Gwandu. Gari ne na alƙalami da tawada tun lokacin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai tafsirin Liya'ut Ta'awili da littafin Tazyinul Waraƙati.

Littattafan nan sun adana mana sunayen sarakuna da malamai, da ranakun yaƙi da na sulhu. Amma ba su faɗi wadda ta gina randar da almajiran Malam suka sha ruwa a cikinta ba. Ba su faɗi ramin da aka haƙo yumɓun ba, ko hanyar da jakin da ya ɗauko tulunan ya biyo. Wannan ɓangare na tarihi, na mata magina da talakawan kasuwa, yana kwance cikin tsingaron da garma ke tonowa a gonakin Gwandu da Kalgo kowace damina. Yau kuwa akwai ilimin da ke iya sa tsingaro ya faɗi asalinsa, kuma kayan aikin suna nan cikin Najeriya.

Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarmu

Wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Kalgo ya san tuddan nan masu shafaffen kai, waɗanda marmara ta rufe samansu. A inda ruwa ya zaizaye gefensu, ana ganin ƙasa hawa-hawa: jar ƙasa, yashi, sai yumɓu fari ko mai ruwan toka. Masana duwatsu sun raɗa wa wannan shimfiɗa sunan Gwandu, da shi kuma aka san ta a littattafan iliminsu. Koguna da tafkuna ne suka jibge ta miliyoyin shekaru da suka wuce, a saman wani babban kwari da ya miƙe daga Sakkwato ya ratsa Nijar har cikin Mali.

A ƙarƙashinta akwai wata shimfiɗar da ta girme ta, ta farar ƙasa, wadda ta fito fili a Kalambaina inda kamfanin siminti ke haƙarta. Ita wannan ragowar wani teku ne da ya taɓa malale yankin, shi ya sa ake samun ɓawon halittun ruwa a cikinta. In aka gangara kudu wajen Zuru da Yawuri, ko aka yi gabas cikin Zamfara, sai ƙasar ta sake sauyawa. Can dutse ne mai tauri, tsoho ƙwarai, yumɓun da ke samuwa daga ruɓewarsa yakan zo da 'yan ɓarɓashi masu ƙyalli.

Wannan bambanci shi ne tushen aikin baki ɗaya. Yumɓun kusa da farar ƙasa yana da yawan kalsiyam. Na yankin dutse yana ɗauke da burbushin uwar dutsensa. Na tuddan Gwandu ya sha wanki da ruwan zamani mai tsawo, har wasu sinadaran suka zube, ƙarfe da alminiyam suka rage da yawa. Bayan waɗannan manyan sinadarai akwai ƙanana irin su kuromiyam, sikandiyam, toriyam da lantanam, waɗanda yawansu bai wuce 'yan ƙwayoyi cikin miliyan ba, amma ma'auninsu ya bambanta daga rami zuwa rami. Kamar yadda dā ake duban tsagar fuska a ce wannan Bakabe ne, wancan Bagobiri, haka masana ke duban ma'aunin sinadaran nan su ce wannan tukunya 'yar ƙasa kaza ce. Wutar gashi ba ta goge yawancinsu, daɗewa cikin ƙasa ma haka.

Abin da na'ura ke gani

Ɗauki tsingaro guda ka dubi bakin karayarsa da kyau. Bayansa ja ne, cikinsa ma ja, amma tsakiyar sau da yawa baƙa ce, alamar wutar ba ta gama cinye ciyayin da ke cikin yumɓun ba. Za ka ga ƙwayoyin yashi, da 'yan ramuka sirara inda ƙaiƙayi ya ƙone ya bar gurbinsa, wani lokacin har da guntayen wata tukunyar da aka daka aka zuba. Da ido kaɗai ma an fara karatu.

Mataki na gaba shi ne a yanki ɗan ɓalli, a manna shi a gilashi, a goge shi har kaurinsa ya koma milimita 0.03, yadda haske zai ratsa shi. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, kowane irin dutse yana nuna launinsa da siffarsa. Wata Ba'amurkiya, Anna Shepard, ita ta nuna ƙarfin wannan hanya a 1936, lokacin da ta gano cewa tukwane masu yawa da aka tono a kufan Pecos, a jihar New Mexico, ba a garin aka gina su ba, domin dutsen da ke cikinsu na wani yanki ne.

Hanyar da ta fi zurfi ita ce ta nukiliya. Ana kankare bayan tsingaron don kawar da datti, a daka abin da ya rage ya zama gari, a busar, a auni abin da bai kai rabin giram ba, a rufe a 'yar kwalba. Sai a tura kwalbar ta bututu zuwa cikin na'urar nukiliya ta bincike, inda ƙwayoyin niyutiron za su yi mata ruwa, wani samfurin na ɗan lokaci kaɗan, wani na sa'o'i. In ta fito, kowane sinadari da ke cikin garin yakan fitar da wani haske da ido ba ya gani, kowanne da nasa ƙarfin. Na'urar ƙirga ta karanta hasken ta bayyana yawan sinadarai wajen 30. Daga nan kwamfuta ta jera ɗaruruwan samfura, ta tara masu kama da juna rukuni-rukuni. Edward Sayre da Richard Dodson na cibiyar Brookhaven a Amurka ne suka fara wallafa sakamakon irin wannan gwaji a kan tsingaro a 1957. Akwai kuma 'yar na'urar hannu mai amfani da hasken eksire, wadda ake ɗorawa a jikin tukunya a samu ƙiyasi nan take ba tare da an fasa komai ba, ko da yake ba ta kai ta nukiliya kaifi ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne muna da irin wannan na'ura a Arewa. Tana Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ƙarama ce, ƙirar ƙasar Sin, ta fara aiki a 2004, kuma auna sinadarai ta wannan hanya na cikin manyan ayyukan da aka kawo ta dominsu. Daga Birnin Kebbi zuwa Samaru tafiyar yini ce a mota.

Inda aka gwada aka gani

A Masar, a kufan Amarna, an tono wasiƙu na yumɓu a 1887, waɗanda sarakunan ƙasashe suka aika wa Fir'auna a ƙarni na 14 kafin Miladiyya. Wasunsu sun fito ne daga sarkin wata ƙasa mai arzikin tagulla da ake kira Alashiya, aka daɗe ana gardamar inda take. Da Yuval Goren da abokan aikinsa suka binciki yumɓun wasiƙun, sai ya dace da ƙasar tsibirin Kubrus. Abin da rubutun bai faɗa ba, allon da aka yi rubutun a kai ya faɗa.

A nan kusa, a yankin Banda na ƙasar Ghana, cikin ƙasar da fataken goro suka sani, Ann Stahl da Maria Cruz da wasu masana sun auna ɗaruruwan tsingaro tare da yumɓun ramukan da magina ke haƙa, suka wallafa sakamakon a 2008. Sun ga cewa inda ƙauyuka ke samun tukwane yana sauyawa daga zamani zuwa zamani, wani lokaci daga gabashin tuddan Banda, wani lokaci daga yammacinsu. Sauyin kasuwa da sauyin zaman lafiya sun bar sawu a cikin tukunyar miya. A Najeriya ma, Aribidesi Usman da masanan Jami'ar Missouri sun yi irin wannan awo a kan tukwanen ƙasar Igbomina ta jihar Kwara a 2005, don rarrabe ginin gida da abin da aka sayo daga waje.

A Ile-Ife, Abidemi Babalola ya tono dubban duwatsun ado na gilashi a Igbo Olokun. Awo ya nuna gilashin yana da haɗi na musamman, mai yawan kalsiyam da alminiyam, kuma a nan Ife aka narka shi tsakanin ƙarni na 11 da na 15. An sami duwatsu masu wannan haɗi har a Gao da Essouk a Mali. Tsohon zaton cewa duk gilashin da ke Afirka ta Yamma baƙo ne ya rushe. A yankin Nok kuwa, binciken Julie Dunne da masanan Jami'ar Frankfurt da aka wallafa a 2021 ya gano kakin zuma a jikin kusan kashi ɗaya cikin uku na tsingaron da aka samu maiƙo a jikinsu, shaidar cewa mutanen wurin suna ɗibar zuma shekaru 3,500 da suka wuce. Ke nan tukunya tana iya faɗin garinsu, tana kuma iya faɗin abin da aka zuba mata.

Hannun maginiya

Sai dai na'ura ba ta san gaibu ba. Abin da take aunawa ba yumɓun rami zalla ba ne, kwaɓin maginiya ne. Maginiya ba ta ɗaukar yumɓu daga rami ta hau gini. Takan shanya shi, ta farfasa, ta tsince tsakuwa, ta jiƙa ya kwana. Sannan ta haɗa shi da abin da zai hana shi tsagewa a wuta: garin tsingaro, ko yashi, ko buntun shinkafa, ko busasshen kashin jaki. Wata takan gauraya yumɓun fadama da na tudu. Kwaɓin randa daban, domin ana so ta riƙa tsattsafo ruwa ya yi sanyi, na tukunyar tuwo daban, domin ita wuta za ta sha kullum. Kowane ƙari yana motsa ma'aunin sinadaran. Garin tsingaro ma yana iya zama na tukunyar da aka sayo daga wani gari, sai baƙuwar ƙasa ta shiga cikin 'yar gida.

A Kebbi akwai ƙarin wani abu. Gulbin Rima da na Sakkwato da na Zamfara duk sun ratso ƙasashen dutse kafin su iso nan, kuma duk ambaliya suna sauke lakar da suka kwaso a fadama. Saboda haka yumɓun fadamar Kalgo yana iya ɗauke da burbushin duwatsun da ke can nesa a gabas. Wanda bai san wannan ba zai auna tsingaro ya ce daga Zamfara aka kawo shi, alhali gulbi ne ya kawo ƙasar, maginiyar kuwa 'yar gari ce.

Maganin wannan ruɗani shi ne a fara da masu rai. Dean Arnold, da ya tattara bayanan magina daga sassan duniya a littafinsa na 1985, ya ga cewa mafi yawansu ba sa wuce kilomita 7 wajen neman yumɓu. Don haka in aka bi ramukan da ke kewaye da gari ɗaya bayan ɗaya aka auna, an sami abin kwatance. Olivier Gosselain, wanda ya daɗe yana aiki da magina a kudancin Nijar, ya nuna cewa yadda ake haɗa kwaɓi ba ƙasa kaɗai ke yanke shi ba. Yana bin wadda ta koya miki, da gidan da aure ya kai ki, da maƙwabtan da kuke haƙa rami ɗaya. Tun a 1929 ma wani jami'in Turawa, W. E. Nicholson, ya rubuta yadda Adarawa da Zoromawa ke ginin tukwane a Sakkwato, kowane rukuni da hanyarsa. Ilimin da ke kan tsohuwar maginiya shi ne mabuɗin lambobin da na'ura za ta fitar. In babu shi, lambobi ne kawai a takarda.

Tambayoyin da ke jiran amsa

Mu ɗauki Surame, birnin da Sarkin Kabi Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, wanda ganuwarsa ta dutse take tsaye har yau a jihar Sakkwato. An ayyana shi kayan tarihi na ƙasa a 1964, kuma yana cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007. Kabi a zamanin Kanta ta yi ƙarfin da ta fita daga hannun Songhai. Shin tukwanen birnin duk ginin gida ne, ko akwai na ƙasashen da ke kawo gaisuwa? Da sarautar ta koma Birnin Kebbi a wajen farkon ƙarni na 18, maginan sun bi ta da irin kwaɓinsu, ko sababbin hannaye aka samu a can?

Gwandu kanta tana da tambaya irin wannan. Jama'ar Shehu Usmanu sun bar Degel a 1804, suka yi Gudu, suka zauna Sabon Gari a ƙasar Zamfara, suka iso Gwandu a 1805, shekarar da Birnin Kebbi ya faɗi kuma aka gwabza a Alwasa. Taro ne na mutanen ƙasashe da yawa, da matansu da 'ya'yansu. Mai hijira ba ya ɗaukar randa, amma matarsa tana ɗauke da sana'arta a hannu. In aka tarar da yumɓun Gwandu da aka kwaɓa da salon Gobir ko na Adar, an ga sawun waɗannan mata. Daga baya, da Gwandu ta zama hedikwatar yammacin daular Sakkwato, manzanni da kaya suna zuwa mata daga Nupe da Ilorin da Yawuri da ƙasashen ƙetaren kogin Kwara. Tsingaron da ke cikin tsohon juji na iya nuna me ya iso ɗakin girki daga cikin wannan zirga-zirga.

Ga kuma kasuwar Jega, wadda ta shahara a ƙarni na 19, da hanyar fatake zuwa Gwanja, da gishirin kwarin Fogha da ake samu ta hanyar tace ƙasa a dafa ruwan. A ƙetaren iyaka, a Dendi ta Jamhuriyar Benin, Anne Haour da tawagarta sun yi tono daga 2011 zuwa 2015, musamman a Birnin Lafiya, inda aka zauna tun daga wajen ƙarni na 4 zuwa na 13, aka kuma sami daɓen da aka shirya da tsingaro. A kudancin jiharmu, tonon gaggawa da aka yi a Yelwa lokacin gina madatsar Kainji a shekarun 1960 ya fito da tukwane da 'yan siffofin yumɓu na shekaru dubu na farko na Miladiyya. Gwandu da Kalgo suna tsakanin waɗannan wurare. Awo ne zai nuna ko mutanen gulbin nan sun yi ciniki da juna tun kafin a rubuta sunan wani sarki.

Kafin dama ta wuce

Abubuwa biyu ne ke ƙarewa a gabanmu. Na farko su ne kufan kansu. Tun a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa siffofin yumɓu na Nok da Katsina da Sakkwato, da na Bura a Nijar, cikin jerin kayan da ɓarayi suka fi wawura. Mai tonon sata yana neman abin da zai sayar ne, sai ya watsar da tsingaron, ya dagula hawa-hawan ƙasar da ke nuna wane ya riga wane. Tsingaron da ba a san inda aka ɗauke shi ba, ko an auna shi, rabin labarinsa ya tafi. Haƙar ƙasar bulo da ta cikon hanya ma tana cin kufai ba tare da kowa ya yi niyyar ɓarna ba.

Na biyu su ne magina. Roba da tukunyar alminiyam da firji sun rage wa tulu da randa kasuwa, 'yan mata da yawa ba sa gadon sana'ar iyayensu. Duk tsohuwar maginiyar da ta rasu ba a tambaye ta ba, ta tafi da sunayen ramuka da sirrin kwaɓi, abubuwan da babu na'urar da za ta dawo da su.

Aikin farko bai buƙatar kuɗi mai yawa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, a tsakiyar ƙasar da muke magana a kai. Ɗalibanta na kimiyyar sinadarai da na tarihi, tare da takwarorinsu na jami'ar da ke Aliero da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, za su iya bin ƙauyuka su zauna da magina cikin ladabi, su rubuta yadda kowacce ke haɗa kwaɓinta, su ɗebi yumɓu daga kowane rami da alamar wurinsa, su sayi tukunya guda daga kowane hannu. A aika samfuran Zariya, a ajiye sakamakon inda duk mai bincike zai same shi. Tono kuwa a bar wa masanan kufai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa wannan nauyi, abin da aka samu kuma a nuna shi a gida, a wurare irin Gidan Tarihin Kanta da ke Argungu.

Masarautar Gwandu da hakimanta da dagatai suna da rawar da babu mai taka musu. Su manomi ke fara gaya wa in ya ci karo da tukunya a gona, kalmarsu ce kuma za ta sa ya bar ta a inda take har masana su zo. Garin da ya iya riƙon takardun malamansa shekara ɗari biyu ba zai gaza riƙon wannan amana ba. Damina na zuwa, zaizaya za ta sake tafiya da wani abu, tsofaffin magina kuma ba ƙara ƙuruciya suke yi ba. A fara da su, a bana.